Tanderun Tasalla

Wata bakwai tanderun nan yana zaune a kusurwar tsakar gida,
an rufe masa baki da tsohon faranti,
gizo-gizo ya saƙa masa labule.
Yau da na dawo daga masallaci na ce wa Barira,
"Ɗauko ƙwaryar kakarki, wadda aka ɗinke wa gefe da zare."

Mudu guda na fulawa daga shagon Tanimu a Ƙofar Doka,
gishiri, yis, ruwa mai ɗumin goshin jariri.
Nawa ake zubawa? Oho.
Shekara arba'in ina ci, ban taɓa tambaya ba.
Tasalla ba ta awo da cokali,
yatsunta ne ma'auni, kuma ta tafi da su.

Na kwaɓa. Ƙullun ya riƙe ni har wuyan hannu
kamar mai bin bashi.
Barira tana ta dariya da giɓinta:
"Kaka, ba haka Inna take yi ba,
ita magana take yi da shi."
Me take ce masa?
"Tsiya take yi maka."

Haka ne kuwa. Bakanuwa ce, ni Bazazzagi,
wasan da muka tarar, muka ɗora a kan tabarma ɗaya.
Takan ce, "Ku dai ku iya karatu da ci,
gurasa ba ta jin yaren Zazzau."
Ni kuma in ce, "Baiwata, miƙo faifan."

Muka lulluɓe ƙwaryar da tsohon zanenta,
muka ajiye jikin katanga, inda hantsi yake fara sauka.
Jirgi ya yi kuka can wajen Sabon Gari.
Kafin azahar ƙullun ya kumbura
kamar kumatun wanda aka hana magana.

Riɗi yana nan cikin kwalba, habbatus-sauda ma.
Saura ganyen.
Na ce sai an je kasuwa,
Barira ta ja ni bakin magudana:
ga ɗoɗɗoya cikin fasasshen bokiti, kore shar,
daidai inda nake tsugunawa in yi alwala.
Ashe wata bakwai ina ba ta ruwa sau biyar a rana
ban sani ba.

Karan dawa ba ya jira.
Ya ci, ya faɗi, cikin tanderun ya yi fari.
Na jiƙa hannu, na faɗaɗa curin,
yarinya ta barbaɗa riɗi da yankakken ganye,
na yi bisimilla, na zura.
Ta farko ta suɓuce, ta kwanta cikin toka.
Ta biyu ta manne, ta ƙi fitowa sai da ta zama gawayi.
Ta uku na mare ta da zuciya, har da 'yar tsiya a bakina.
Ta zauna.

Ƙamshi ba ya neman izini, ya haura katanga.
Goggo Yelwa ta ɗaga murya daga gidanta,
"Wa ya taɓa tanderun Tasalla?"
Sai kuma ta yi shiru.
Can sai ga jikanta da garin ƙuli a leda da man gyaɗa,
babu saƙo.

Biyar suka tsira cikin tara.
Barira ta gutsura, ta tauna a hankali kamar alƙali.
"Gishiri ya yi yawa. Tsakiyar ba ta gasu ba.
Amma ƙamshin nata ne."

Da dare na ga bororo a damtsena,
inda bakin tanderu ya lashe ni.
Nan ne daidai tabonta yake, layi-layi,
wanda na riƙa gani ban taɓa cewa sannu ba.

Na shafa zuma.
Saura rabin mudu.
Jibi sai in rage gishirin.